BAP ko TDZ, IBA ko NAA: Wanne Za Ka Zuba a Kwalbar Renon Furanni?

Duk wanda ya taɓa datse kan zogale don ya yi rassa ya riga ya san rabin wannan ilimi, ko da bai taɓa taka ɗakin gwaje-gwaje ba. Muddin kan yana nan, idanun da ke hammatar ganye barci suke yi. Da an cire shi sai su farka, kowanne ya zama reshe. Abin da ke danne su wani sinadari ne da kan tsiro ke haɗawa yana turo shi ƙasa, ana ce masa oksin. Abin da ke tashin su kuma wani ne da galibi saiwa ke haɗawa tana tura shi sama, shi ne saitokainin.

To, idan ka yanko gaɓar wardi ko ɗan guntun ganyen fure ka wanke shi ka sa a kwalba mai abinci don ka rene shi ya ninku ya zama tsirrai da yawa, ba shi da kai, ba shi da saiwa. Kai ne za ka zame masa duka biyun. Abincin kwalbar kansa ba shi ke da rigima ba. Yawancin masu wannan aiki haɗin da Murashige da Skoog suka wallafa a 1962 suke bi, wato haɗin gishirin abincin tsiro da ake kira MS, da sukari giram 30 a lita, da aga (garin da ke daskarar da abincin) giram 7 zuwa 8, a daidaita tsaminsa a kan 5.7 ko 5.8 a ma'aunin pH. Inda ake rabuwa shi ne 'yan miligiram ɗin sinadaran girma da za a ƙara a kai. Su ne ke yanke hukunci ko abin da ka sa zai yi toho, ko ya yi saiwa, ko ya kumbura ya zama ƙullutun nama marar fasali, wato kalus.

Ƙa'idar da kowa ke farawa da ita ta fito ne daga Jami'ar Wisconsin a Amurka. A 1957 Folke Skoog da Carlos Miller suka nuna da naman taba cewa idan saitokainin ya rinjayi oksin sai toho ya fito, idan oksin ya rinjaya sai saiwa, idan suka yi kunnen doki sai kalus ya yi ta girma. Gaskiya ce, amma ta taba ce. Kowane tsiro yana shigowa kwalba da nasa sinadaran a jiki, kuma wardi iri biyu da ke gona ɗaya suna iya amsa abinci ɗaya ta fuskoki biyu. Don haka ƙa'idar tana nuna maka gabas ne kawai, ba ta auna maka tafiyar.

Kafin a zo kan sunayen sinadarai, akwai tambayar da nake ganin ita ce uwar sauran. Me kake sayarwa? Mai sayen fure launi yake saye, da siffar fure, da tsawon kara. Ya ga wardi ja a hoto, ja yake so. Hanyoyi biyu ne ake ninka tsiro a kwalba. Ta farko, ka tashi idanun da tsiron ya zo da su, su yi rassa, ka yanka ka sake shukawa. Ta biyu, ka sa ganye ko wani sashe ya yi kalus, sannan ka tilasta wa kalus ɗin ya ƙirƙiro sababbin toho. Ta biyu ta fi yawan haihuwa nesa ba kusa ba, amma a nan ne 'ya'ya ke sauka daga kamannin uwa. Masana sun ba wannan sauyi suna tun 1981, kuma a furanni yana da ciwo ƙwarai, domin ba ka ganin ɓarnar sai tsiron ya yi fure, bayan an kashe watanni ana ba shi ruwa da taki.

Kirisantimom misali ne mai kyau. Ire-irensa da yawa fatar waje launi ɗaya take ɗauke da shi, naman ciki kuma wani launin daban. Idan ka bi ta ido, tsarin yana nan yadda yake. Idan ka bi ta kalus, shimfiɗun suna rabuwa, sai ka shuka ruwan hoda ka girbi fari ko rawaya. Haka bayolet ɗin Afirka mai ratsi-ratsi, wanda asalin danginsa daga duwatsun Usambara na Tanzaniya ne: ta ganye ba ya dawo da ratsinsa, sai ta idanun da ke jikin karan fure. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa ƙarfin sinadari ba shi ne alherinsa ba.

A cikin dangin saitokainin, BAP, wanda wasu ke rubutawa BA, shi ne jakin aikin. Yana da arha, yana jure dahuwa a tukunyar matsi a zafin digiri 121, don haka tare da sauran kayan abinci ake zuba shi a dafa gaba ɗaya. Yawancin hanyoyin da aka wallafa na furanni irin su wardi da jabera da kirisantimom da anturiyom a kansa suke, wanda ke nufin idan ka samu matsala akwai sawun da za ka bi. Ga galibin furanni masu taushin kara, tsakanin rabin miligiram zuwa 2 a lita ake yawo.

Aibinsa yana bayyana idan aka zarce. Toho zai fito tuli, gajeru, a cunkushe, ka rasa inda za ka sa wuƙa. Ganye ya yi sheƙi kamar gilashi, ya cika da ruwa, ya riƙa karyewa da an taɓa. Irin wannan tsiro a kwalba kawai yake da rai, da ya sha iskar waje sai ya narke. Furen kaneshan ya yi ƙaurin suna da wannan cuta. Jabera kuma idan aka daɗe ana ɗura masa saitokainin da yawa, yakan fita gona ya yi ta ganye a dunƙule, furen kaɗan kuma ƙanana. Akwai wani aibin da ba a gani da ido. A shekarun 1990, Stefaan Werbrouck da abokan aikinsa a Ghent ta ƙasar Beljiyam sun bi diddigin BAP a jikin Spathiphyllum, furen nan mai farin mayafi da ake ajiyewa a falo da ofis. Sun gano tsiron yana juya shi zuwa wani nau'i da ke taruwa a gindi ya daɗe bai narke ba, kuma wannan taruwar tana da hannu a jinkirin saiwa da wahalar sabawa da waje. Maganin ba shi da tsada: a zagayen ƙarshe na yanka da sake shukawa kafin saiwa, a rage BAP zuwa rabi ko a cire shi gaba ɗaya na makonni uku zuwa huɗu, tsiron ya huce.

Kainetin shi ne dattijon gidan. A 1955 aka gano shi, a ɗakin binciken Skoog, daga tsohon sinadarin gado na wani kifin teku. Bai kai BAP ƙarfi ba, shi ya sa ake zuba shi da yawa. Hanyar ninka jabera da Murashige da abokansa suka wallafa a 1974 miligiram 10 na kainetin a lita ta yi amfani da shi, adadin da in da BAP ne da ya yi ɓarna. Toho kaɗan yake bayarwa, amma dogaye, masu buɗaɗɗen ganye, masu saurin yin saiwa. Idan kana renon kaneshan, ko duk wani fure da BAP ke mayar da shi gilashi, kainetin ne farkon abin da zan ce ka gwada, ko shi kaɗai ko a raba adadin tsakaninsa da BAP.

Sai TDZ, wanda shi ne ke ruɗar ɗalibai da sababbin shiga. Asalinsa ba don kwalba aka yi shi ba. Kamfanin Schering na Jamus ne ya haɗa shi don zubar da ganyen auduga kafin girbi da inji, daga baya a farkon shekarun 1980 aka gano yana aiki irin na saitokainin, har ya fi su. Ɗaya daga cikin dalilan ƙarfinsa shi ne yana hana tsiro rushe saitokainin ɗin da ke jikinsa, sai abin ya yi ta taruwa. Kashi ɗaya cikin goma na adadin BAP, wani lokaci ma ƙasa da haka, ya isa. Inda BAP ya yi makonni bai motsa komai ba, TDZ sai ya cika gefen ganye da ƙwayoyin toho. A furen okid irin Phalaenopsis, wanda Taiwan ta gina kasuwa a kansa, yana sa yankan ganye ya fitar da 'yan dunƙule masu zama sababbin tsirrai. A bayolet ɗin Afirka an nuna cewa kaɗan daga cikinsa toho yake kawowa, idan aka ƙara kuma sai ya kawo 'yan tayi kamar na cikin iri.

Amma fa yawan nan bashi ne, ana biyansa daga baya. Tohon TDZ gajere ne, sau da yawa a manne da juna kamar tafin hannu, ba ya son miƙewa, ba ya son saiwa. Kuma da yake yana tura tsiro zuwa hanyar ƙirƙiro sabon toho, haɗarin sauya kamanni yana ƙaruwa. Wanda ya iya shi ba ya barin tsiro a kansa. Yakan sa na mako ɗaya zuwa uku, da abin ya motsa sai ya kwashe zuwa abinci marar komai ko mai ɗan BAP. A ganina TDZ mabuɗi ne na ƙofar da ta ƙi buɗuwa, irin itatuwan ado masu taurin kai da wasu okid. Zuba shi a kan kirisantimom, wanda ko da BAP kaɗan yake haihuwa, neman wahala ne.

Ka yi wannan lissafin da kanka. A ce kowane toho uku kawai yake ba ka a wata. Idan ka yi ta yanka kana shukawa har wata 12, ido ɗaya ya zama 531,441. Babu ƙaramin ɗakin reno da ke da kwalabe da hannuwa da kantocin da za su ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ashe ba ƙarancin haihuwa ne ke tsayar da mutum ba. Abin da ke tsayar da shi ƙwayoyin cuta ne, da wutar lantarki, da tsiron da ya mutu bayan an fitar da shi. Me zai sa ka sayar da ingancin fure don ninki goma da ba ka da inda za ka zuba?

Ragowar 'yan gidan a taƙaice. Ziyatin, wanda David Letham ya fitar daga ɗanyar masara a 1963, na halitta ne kuma mai sauƙin hali, sai dai tsadarsa ta sa ya fi dacewa da bincike. 2iP na furen azaliya da danginta ne. Meta-topolin, da masu bincike a Olomouc ta ƙasar Cek suka samo daga ganyen wata bishiya, ɗan'uwan BAP ne da tsiro ke iya narkarwa da wuri, kuma a Spathiphyllum ɗin nan ya ba da saiwa fiye da BAP. Idan furenka mai daraja ne kuma saiwa ta ƙi, kuɗinsa ba asara ba ne. Akwai kuma ruwan kwakwa, da ake zuba kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, musamman ga okid. Yana ɗauke da saitokainin na halitta, ga shi a kasuwa. Matsalarsa ɗaya ce: kwakwar yau ba ta jiya ba ce. In za ka yi amfani da shi, tara da yawa lokaci guda, ka gauraya, ka tace, ka daskarar kashi-kashi.

A ɓangaren oksin zaɓin ya fi sauƙi, duk da haka nan ma ana tuntuɓe.

IAA shi ne wanda tsiro ke haɗawa da kansa, kuma shi ya fi kowa rauni a kwalba. Haske yana lalata shi, zafi yana rage shi, tsiron ma yana rushe shi. Cikin 'yan kwanaki a ƙarƙashin fitila yawancinsa ya tafi. Abin mamaki, wannan raunin wani lokaci alheri ne, saboda yanayin aikin oksin a kan saiwa. Ana bukatarsa a kwanakin farko don saiwa ta ƙullu, amma da ta ƙullu, ci gaba da zamansa hana ta tsawo yake yi. Sinadarin da ya yi aikinsa ya ɓace da kansa ya dace da wannan.

NAA akasin haka ne. Ba ya jin haske, ba ya jin zafi, yana nan daram har ƙarshen zagaye. Idan aka ɗan zarce, gindin toho sai ya kumbura da kalus, saiwoyi gajeru masu kauri su fito daga jikin kalus ɗin ba daga kara ba. A ido ka ce an ci nasara. Ranar wanke aga sai su ɓalle a hannunka, waɗanda suka rage kuma hanyar ruwansu ba ta haɗe da ta kara sosai ba. Inda NAA ke da amfani na gaske shi ne a ɗan ƙanƙanin adadi, kamar 0.05 zuwa 0.1 na miligiram a lita, tare da BAP a lokacin ninkawa, da kuma a ɓawon albasar lili, inda yake taimakawa ƙananan albasoshi su fito.

IBA yana tsakaninsu, kuma shi nake zaɓa don saiwa a kusan kowane fure. Ya fi IAA juriya, bai kai NAA naci ba, tsiro kuma a hankali yake juya shi zuwa IAA. Rabin miligiram zuwa 1 a lita, a kan MS mai rabin ƙarfi, ya wadatar ga yawancinsu. Rage gishirin abincin nan yana da muhimmanci ƙwarai, wardi musamman ya fi son rabi ko ma rubu'i a wannan mataki. Ga mai taurin kai, a ba shi IBA mai ɗan yawa na kwana uku zuwa biyar a duhu, sannan a mayar da shi abinci marar oksin. Ana kuma iya tsallake saiwa a kwalba ɗungurungum, a tsoma gindin toho a ruwan IBA a dasa kai tsaye a ƙasar reno mai tsabta ƙarƙashin rufi mai laima. Wannan yana rage zagaye guda, kuma saiwar da ta fito a ƙasa ta fi wadda ta fito a aga aiki.

Na huɗu manomanmu sun san shi tun kafin ɗalibai: 2,4-D, maganin ciyawar nan da ake fesawa a gonar shinkafa da masara. Yadda yake kashe ciyawa mai faɗin ganye ta hanyar sa ta girma ba kan gado, haka yake sa nama ya yi ta rabuwa a kwalba. Don samar da kalus babu kamarsa, kuma a cikin oksin shi aka fi dangantawa da sauya kamanni. Ba a saiwa da shi. Amfaninsa a furanni yana wurin da babu makawa sai an bi ta kalus, kamar anturiyom, wanda hanyarsa ta ganye ta samo asali daga aikin Pierik a Holan a shekarun 1970: ɗan 2,4-D kaɗan tare da BAP a duhu, da kalus ya fito a janye shi. Ko kuma idan da gangan kake neman sabon launi, a nan sauyin riba ne. Kada dai a ɗebo na shagon kayan gona a zuba a kwalba, domin an gauraya shi da wasu abubuwa don feshi.

Jibarelin, wato GA3, miƙar da toho yake yi. Ɗan kaɗan yana taimakon wardi da ya dunƙule, amma yana hana saiwa, zafi kuma yana rage masa ƙarfi, don haka ta matata ake shigar da shi bayan abinci ya huce. Sau da yawa rage saitokainin yana yin aikin da ake nema a wurinsa.

Akwai zaɓin da ake mantawa da shi, wato kada a zuba komai. Tun 1922 Lewis Knudson ya nuna cewa irin okid, mai laushi kamar ƙura, yana tsira a kwalba da gishirin abinci da sukari kawai. Kirisantimom sau da yawa yana saiwa ba tare da oksin ba. Albasar lili kuma abin da ke sa ta ƙiba sukari ne, a ɗaga shi zuwa giram 60 ko 90 a lita, yawan saitokainin ma ganye yake sa ta yi maimakon albasa. Haka wasu matsalolin da ake ɗora wa sinadaran girma ba nasu ba ne. Wardi da ganyensa ke rawaya yana zuba, sau da yawa iskar etilin ce ta taru a kwalbar da aka toshe ƙam, ko kuma sinadarin ƙarfe na cikin abincin ne bai ishe shi ba. Toho mai gilashi yakan gyaru da ƙara aga da barin murfi yana ɗan numfashi, kafin ma a taɓa BAP.

Ga wanda zai kafa ƙaramin ɗakin reno a Jos, inda sanyi ke karɓar wardi da kirisantimom, ko a Zariya ko Kano ko Maraɗi, akwai wani ma'auni da takardun Turai ba su cika damuwa da shi ba, wato firji da wuta. BAP da kainetin da IBA da NAA a garinsu suna daɗewa idan an killace su daga laima da haske, kuma ana dafa su tare da abinci. Ziyatin da IAA da GA3 suna son sanyi marar yankewa da matata ta musamman. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai ƙaramin jari ya fara da BAP da IBA, ya ajiye kainetin da ɗan NAA a gefe. Narkar da garin ana yi da 'yan ɗigon ruwan soda mai ƙarfi, wato NaOH, a cika da ruwa mai tsabta a kan miligiram 1 a kowace mililita, a haɗa kaɗan-kaɗan yadda zai ƙare da wuri. Sannan a kula da ma'auni. Wasu takardu da miligiram a lita suke rubutu, wasu da wani ma'aunin daban da ake kira maikuromola. Miligiram 1 na BAP a lita kusan maikuromola 4.4 ne, na IBA 4.9, na NAA 5.4. Wanda ya karanta 5 a takarda ya auna miligiram 5 alhali maikuromola ake nufi, ya zuba fiye da ninki huɗu, kuma zai yi wata guda yana zargin irin furen.

Adadin ƙarshe kuwa furenka ne zai faɗa maka. Ka ɗauki iri ɗaya, ka yi abinci kashi huɗu: babu BAP, rabin miligiram, 1, da 2, kowanne kwalabe goma ko fiye. Ka bi su zagaye uku na mako huɗu zuwa biyar, domin zagayen farko tsiron yana cin guzurin da ya zo da shi ne, kuma saitokainin taruwa yake daga zagaye zuwa zagaye, adadin da ya yi daidai a farko yana iya yin yawa a na uku. Kada ka ƙirga duk ɗan koren da ya leƙo. Ka ƙirga tohon da ya kai santimita 2, wanda za a iya yanka a dasa.

Ƙirgar da ta fi wannan tana waje. Tsiron kwalba ya taso cikin laima kusan ɗari bisa ɗari, fatar ganyensa siririya ce, ƙofofin numfashinsa ba su iya rufewa da kyau ba. A ƙasarmu, fitar da shi a tsakiyar hunturu ko a zafin bazara ba tare da rufin leda da inuwa ba, sa'o'i kaɗan sun isa ya bushe. A rufe shi mako na farko, a riƙa ɗaga ledar kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku. Ka sa wa kowane tire alamar abincin da tsirransa suka fito daga ciki, ka ƙirga masu rai bayan mako huɗu, sannan ka ware 'yan kaɗan daga kowane kashi ka rene su har su yi fure a gefen uwarsu kafin ka karɓi odar kowa.